Kafin a Rufe Bakin Gargaɗi: Lacca kan Juyin Bayanai Lokacin Karanta Fayil



 Maudu'in laccar yau shi ne gargaɗin da manhaja kan fitar idan tana karanta fayil ɗin bayanai ta ci karo da abin da ta kasa juyawa zuwa lamba ko kwanan wata, da kuma hanyoyin da ake bi a hana gargaɗin fitowa. Misalan za su fito ne daga R da Python, harsuna biyu da masu nazarin alƙaluma ke yawan aiki da su. Wanda ya tambayi yadda ake kashe saƙon, amsarsa ba ta wuce layi ɗaya ba. Abin da zai ci lokacin wannan zama shi ne sanin me ya sami bayanan a daidai lokacin da saƙon ya fito.

Na ɗaya: abin da ke faruwa idan ana karanta fayil

Yawancin bayanan da ke yawo tsakanin ofisoshi da ɗakunan bincike suna zuwa ne a fayil irin na CSV, wato rubutu tsagwaronsa, kowane layi bayanin abu ɗaya, waƙafi yana raba gurbi da gurbi. An rubuta ƙa'idar wannan tsari a takardar RFC 4180 a shekarar 2005, kuma babu inda ƙa'idar ta tanadi wurin faɗin nau'in abin da ke cikin kowane ginshiƙi. A cikin fayil, 25 haruffa biyu ne kawai, 2 da 5. Kwamfuta kuwa ba ta tara haruffa. Kafin ta yi lissafi sai ta juya su zuwa lamba, kuma sai ta yanke hukunci ko cikakkiyar lamba ce, ko mai ɗigo, ko kwanan wata, ko kuma rubutu ne da za a bari yadda yake.

Idan marubucin shiri bai faɗa mata nau'in ba, sai ta yi hasashe. Takan duba abin da ke cikin ginshiƙin, ko wani ɓangare nasa, ta zaɓi nau'in da ya fi dacewa. Ƙunshin readr na R, alal misali, layi 1,000 yake dubawa idan ba a canza masa ba. To idan abin da ya saɓa wa hasashen yana wani layi da bai duba ba fa? Daga nan gargaɗin juyi ke tasowa.

Na biyu: gargaɗi da kuskure, da abin da kowace manhaja ke nufi

Saƙon kuskure yana tsayar da shiri. Babu sakamako sai an gyara. Gargaɗi ba ya tsayar da komai. Manhaja ta riga ta yanke shawara a madadin mai ita, ta ci gaba da aiki, sannan ta sanar. Saboda haka duk gargaɗin juyi labari ne na abin da ya riga ya auku, kuma kashe shi ba ya mayar da hannun agogo baya. Shawarar da aka yanke ta bambanta daga manhaja zuwa manhaja, kuma ya kamata a san ta ɗaya bayan ɗaya.

A R, umarnin read.csv idan ya tarar da ginshiƙin da ya cakuɗa lambobi da kalmomi, yakan bar shi duka a matsayin rubutu, bai ce komai ba. Gargaɗin yana fitowa ne daga baya, lokacin da aka kira as.numeric a kan ginshiƙin. Duk abin da bai juyu ba sai ya koma NA, alamar gurbin da babu komai, saƙo ɗaya ya fito yana cewa an samar da NA sakamakon tilasta juyi. Saƙon ba ya faɗin guda nawa ne, ba ya faɗin a wane layi suke. Ko gurbi ɗaya ne ya lalace ko dubu goma, kalmomin gargaɗin ba sa canzawa. Akwai wani ɗan'uwansa da as.integer ke fitarwa: cikakkiyar lamba a R ba ta wuce 2,147,483,647, don haka duk lambar da ta zarce wannan sai ta zama NA. Lambar NIN da ta BVN a Nijeriya kowace alƙaluma 11 gare ta, sun fi ƙarfin wannan ma'auni.

A Python, ƙunshin pandas yana da gargaɗin da ake kira DtypeWarning. Dalilinsa shi ne read_csv yakan karanta babban fayil gunduwa-gunduwa don kada ya cika ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma kowace gunduwa da hasashenta. Gunduwar farko ta ga lambobi zalla, ta juya su zuwa lamba. Ta biyu ta ga wata kalma a tsakani, ta bar nata duka a rubutu. Da aka haɗa, sai ginshiƙi ɗaya ya ƙunshi 123 a matsayin lamba a sama, da "123" a matsayin rubutu a ƙasa. Ido ba ya ganin bambanci, amma a wurin manhaja abubuwa biyu ne daban. Idan aka zo haɗa wannan jadawali da wani, ko neman bayanan da aka maimaita, wasu layuka za su ƙi haɗuwa, kuma babu saƙo na biyu da zai sanar.

Na ƙunshin NumPy na Python ya fi su tsanani. Umarnin genfromtxt idan ya ga layin da yawan gurabensa bai yi daidai da na sauran ba, yakan tsaya da kuskure. Idan aka sa masa invalid_raise=False, sai ya daina tsayawa, ya tsallake layin gaba ɗaya, ya fitar da ConversionWarning mai ɗauke da lambar kowane layin da ya tsallake, da guraben da ya samu da waɗanda yake tsammani. A lura da kyau: wannan saƙo shi kaɗai ne shaidar layukan da aka zubar. Wanda ya kashe shi bai ajiye shi ba ya rasa layukan, ya kuma rasa hanyar sanin waɗanne ne. Haka nan idan gurbi ya zo babu komai, genfromtxt yakan cike shi da NaN, alamar abin da ba lamba ba, a ginshiƙin lamba mai ɗigo, amma a na cikakkiyar lamba sai ya cike da -1. Yaro mai shekara -1, gona mai buhu -1: idan suka shiga lissafin matsakaici, wa zai lura?

Na uku: hujjar masu son kashe gargaɗi

Ba kowane mai neman kashe gargaɗi ba ne mai sakaci, kuma adalci ne a faɗi hujjarsu. Shirin da ke karanta fayil 500 kowane dare, kowanne yana fitar da saƙo iri ɗaya a kan abin da aka riga aka bincika aka sani, zai cika rajistar aiki da hayaniya. Ranar da sabon gargaɗi mai muhimmanci ya zo, sai ya nutse a cikin tsofaffin. R ma kansa gargaɗi 50 na farko yake ajiyewa idan ba a ƙara masa ba, sauran su wuce. Akwai kuma rahoton da za a miƙa wa hukuma, wanda bai dace a ga jajayen saƙonni a tsakiyarsa ba. Akwai lokacin da marubuci da gangan yake juya ginshiƙi don ya gano waɗanne guraben ne ba lambobi ba. A nan NA ɗin shi ne abin da ake nema. Duk waɗannan dalilai ne masu kyau. Abin da ya haɗa su shi ne an san abin da gargaɗin ke nufi kafin a yi masa shiru.

Na huɗu: abin da ake asara

Kuskuren da aka fi yi a tunani shi ne ɗaukar cewa guraben da suka lalace sun warwatsu ne bisa tsautsayi, don haka rashinsu ba zai karkatar da sakamako ba. Galibi akasin haka ne. Abin da ya hana gurbi juyuwa yakan zama shi ne abin da ya bambanta shi da sauran.

A ɗauki misali mai sauƙi. Wani ma'aikaci ya tattara farashin mudun hatsi a kasuwanni biyar, ya rubuta 800, 900, 950, 1,200 da 1,500. Ya sa waƙafi a biyun ƙarshe kamar yadda kowa ke rubuta dubu. Jimilla 5,350, matsakaici 1,070. Aka karanta fayil, aka kira as.numeric. Uku na farko suka juyu. Biyun ƙarshe, saboda waƙafin, suka koma NA. An kashe gargaɗi, ba a ga komai ba. Aka nemi matsakaici, R ya amsa da NA, wanda shi ne ƙoƙarinsa na biyu na jan hankali. Sai aka ƙara masa na.rm=TRUE don ya tsallake guraben da babu komai, ya bayar da 883. A pandas ma ba a buƙatar ƙara komai, domin mean yakan tsallake irin waɗannan guraben da kansa. Sakamakon ya fito tsaf, kuma ƙarya ne: duk kasuwar da farashi ya kai dubu ta fita daga lissafi. Rahoton da aka yi don gano inda abinci ya yi tsada ya share ainihin wuraren da ya yi tsadar.

Haka abin yake a ɗakin gwaje-gwaje. Idan sinadarin da ake aunawa ya yi ƙasa da abin da na'ura ke iya gani, akan rubuta <0.1 ko makamancinsa. Wannan ba ya juyuwa zuwa lamba. Idan aka bar shi ya zama NA, duk samfuran da suka fi tsafta sun fita, matsakaici ya yi sama. A takardar tambayoyi kuma, "ban sani ba" da "ya ƙi amsawa" da gurbin da aka manta ba a cike ba amsoshi uku ne daban, kowace da ma'anarta ga mai bincike. Juyi na ƙarfi yana narkar da su duka su zama abu ɗaya.

Na biyar: hanyoyin kashewa, daga mai faɗi zuwa mai ƙunci

Hanya mafi faɗi ita ce a rufe bakin shirin gaba ɗaya. A R ana yin haka da options(warn = -1). A Python ana rubuta warnings.filterwarnings("ignore") a saman fayil, ko a tayar da shiri da -W ignore. Ita ce ta fi sauƙi, ita ce kuma ba ta da abin kare ta. Tana kashe gargaɗin da ake nufi tare da duk wanda ba a nufa ba: na lissafin da ya bayar da sakamakon da ba lamba ba, na samfurin ƙididdiga da bai daidaita ba, na umarnin da za a cire a sigar manhaja mai zuwa. A R kuma saitin yakan zauna har ƙarshen zaman aiki, sai ya shafi duk abin da aka gudanar bayansa, har da shirin wani.

Mataki na gaba shi ne a taƙaita wurin. A R, suppressWarnings yana rufe abin da aka sa a cikin bakarsa kaɗai. Bambanci ne babba tsakanin a naɗe as.numeric ɗaya da shi, da a naɗe umarni mai layi ɗari biyu. A Python ana buɗe shinge da warnings.catch_warnings, a sa dokar yin shiru a ciki. Da an fita shingen, dokokin da suke a da sai su dawo.

Mataki na uku shi ne a taƙaita nau'in. Kowane gargaɗi a Python yana da ajinsa, don haka ana iya cewa a yi shiru a kan pd.errors.DtypeWarning kawai, a bar sauran. Ana iya ƙarawa da farkon kalmomin saƙon don a ƙara matsewa. A R ana amfani da withCallingHandlers a kama gargaɗi, a duba saƙonsa, idan shi ne wanda aka sani a kira invokeRestart("muffleWarning"), idan wani ne a bar shi ya fito. A nan akwai wani tarko da ya shafi yankinmu kai tsaye. R yana fassara saƙonninsa gwargwadon harshen kwamfutar. Shirin da aka rubuta a Zariya yana neman kalmomin Turanci a cikin saƙo zai iya kasa gane saƙon a kwamfutar da ke Yamai mai aiki da Faransanci.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya fi cancanta, wato a hana gargaɗin bayyana a allo amma a ajiye shi. A Python, catch_warnings(record=True) yana tattara saƙonnin a jeri, sai dai a haɗa shi da simplefilter("always"), domin Python yakan nuna gargaɗi iri ɗaya daga wuri ɗaya sau ɗaya kacal. Da wannan ake riƙe lambobin layukan da genfromtxt ya tsallake. Ana kuma iya kiran logging.captureWarnings(True) a karkatar da duk gargaɗi zuwa rajistar aiki. Ƙunshin readr ya sauƙaƙa lamarin: bayan karatu, umarnin problems yana bayar da jadawali mai nuna layi, da ginshiƙi, da abin da aka yi tsammani, da abin da aka tarar.

Akwai kuma hanyar da ta juya wa duk waɗannan baya, kuma ta dace da lokacin gwaji: a mayar da kowane gargaɗi kuskure. A R, options(warn = 2); a Python, -W error. Shiri sai ya tsaya a daidai inda matsalar take, a ga layin da ya jawo ta. Sabon fayil daga sabon wuri ya cancanci a fara karanta shi a haka.

Wani abu da ya kamata a ambata: akwai saituna da ba su da sunan kashe gargaɗi amma aikinsu ke nan. A pandas, to_numeric tare da errors="coerce" yana mayar da duk abin da bai juyu ba NaN ba tare da ko tari ba. Haka on_bad_lines="skip" ke zubar da layukan da suka zo da gurabe fiye da kima. Mai duba shirin wani ya kamata ya tsaya a kan waɗannan kamar yadda zai tsaya a kan suppressWarnings.

Na shida: kawar da sanadi

Gargaɗin juyi da yawa ba sa buƙatar kashewa, domin idan aka daina barin manhaja tana hasashe ba za su taso ba. Kowane umarnin karatu yana da wurin faɗin nau'i: colClasses a read.csv, col_types a readr, dtype a pandas da NumPy. Saƙon DtypeWarning da kansa yakan ba da shawara biyu, a faɗi dtype ko a sa low_memory=False. Mutane sun fi ɗaukar ta biyu don ta fi gajarta. Tana sa ginshiƙin ya zama nau'i ɗaya, gargaɗin ya tafi, amma hasashen yana nan, an dai yi shi a kan fayil ɗin duka, an kuma ci ƙwaƙwalwa fiye da da. Ta farko ce ke tilasta wa marubuci ya san bayanansa.

Ƙa'idar zaɓen nau'i ba ta da wuya. Abin da ba a tarawa, ba a ragewa, ba a neman matsakaicinsa, ba lamba ba ne ko da alƙaluma aka rubuta shi. Lambar waya, lambar asusun banki, lambar rajistar ɗalibi, lambar katin asibiti, duk sunaye ne, a karanta su a matsayin rubutu.

Sai alamomin rashin bayani. Idan an san masu cike fom suna rubuta "babu", ko "-", ko "N/A", a lissafa su a na.strings ko na_values. Amfanin haka shi ne abin da aka sani ya wuce salin-alin, gargaɗi ya rage na abin da ba a sani ba.

Sai batun waƙafi da ɗigo, wanda duk mai haɗa bayanan Nijeriya da na Nijar zai ci karo da shi. A tsarin Ingilishi ɗigo ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, waƙafi kuma na dubbai ne. A tsarin Faransanci waƙafi ne ke aikin ɗigon, shi ya sa fayilolinsu kan raba gurabe da waƙafi mai ruwa. Rubutu ɗaya, 1,500, a Katsina dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a Maraɗi ɗaya da rabi. Babu manhajar da za ta iya gane wanne ake nufi daga rubutun kaɗai. Sai an faɗa mata. R yana da read.csv2 don tsarin Faransancin, pandas kuma yana da sep da decimal da thousands.

Idan fayil ɗin ya yi datti sosai, hanya mafi aminci ita ce a karanta komai a matsayin rubutu, sannan a juya ginshiƙi-ginshiƙi, ana ajiye na asali a gefen wanda aka juya.

Na bakwai: juyin da ba ya gargaɗi

To idan allo ya yi fes, babu saƙo ko ɗaya, shi ke nan bayanai sun tsira? A'a. Manhaja tana gargaɗi ne idan ta kasa juyi. Idan ta yi nasarar juyin da bai kamata ba, ba ta da abin cewa.

Lambar wayar Nijeriya mai alƙaluma 11 da sifili take farawa. Idan read_csv na pandas ya ɗauke ta lamba, sifilin ya faɗi, ta koma alƙaluma 10. Lambar asusun banki mai alƙaluma 10 da ta fara da sifili ita ma haka. Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa daidai, don haka lamba mai 16 sai ta ƙare da sifili a madadin alƙalaminta na ƙarshe. Lambar ƙasar Namibiya mai haruffa biyu ita ce NA, kuma R da pandas duk suna ɗaukar NA alamar gurbin da babu komai, sai ƙasa guda ta rasa sunanta a jadawali. Kafin sigar R 4.0.0 ta shekarar 2020, read.csv yakan mayar da ginshiƙin rubutu zuwa factor, wato rukuni-rukuni. Idan aka kira as.numeric a kansa, lambobin rukunin yake bayarwa, 1, 2, 3, a madadin farashin da aka rubuta, kuma ba ya gargaɗi. Lambobin da masu bincike kan sa a madadin rashin amsa, irin 99 ko -999, suna juyuwa lafiya lau su shiga lissafi. Kwanan wata 03/04/2024 a Amurka 4 ga Maris ne, a nan kuma 3 ga Afrilu, kuma duka biyun halattattu ne a wurin manhaja.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna da nasu haɗarin. Tsarin UTF-8 yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, amma tsohon tsarin Windows-1252 ba shi da su, don haka fayil ɗin da aka adana a cikinsa yakan mayar da su alamar tambaya. Wanda kuma ya buɗe fayil na UTF-8 da tsarin ASCII a Python, ya sa errors="ignore" don kuskure ya daina damunsa, haruffan za su zube gaba ɗaya. Ɗahiru ya koma "ahiru", kuma neman sunansa a rajista ba zai fito da shi ba.

Ba ƙananan ofisoshi kaɗai abin ke ci ba. A 2016, Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostireliya sun wallafa bincike a mujallar Genome Biology da ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na maƙalun da suka zo da jerin sunayen ƙwayoyin gado a fayil na Excel suna ɗauke da sunayen da suka lalace. Excel yakan ga SEPT2 ya mayar da shi 2 ga Satumba, ya ga MARCH1 ya mayar da shi 1 ga Maris. Matsalar ta ƙi ƙarewa har sai da kwamitin HGNC mai raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canza sunayen: zuwa 2020 an sauya 27, SEPT1 ya zama SEPTIN1, MARCH1 ya zama MARCHF1. Sai a 2023 Microsoft ya ƙara saitin da ke ba mai amfani damar hana irin wannan juyi. A Ingila kuma, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba na 2020, mutum 15,841 da gwaji ya tabbatar suna da korona ba su shiga alƙaluman hukuma a kan lokaci ba. Sakamakon gwaje-gwajen yana zuwa ne a CSV, ana zuba shi a tsohon tsarin Excel na XLS wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya wuce iyakar ya zube, aka yi jinkirin bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar.

Na takwas: abin da ake sawa a gurbin gargaɗin

Tunda gargaɗin manhaja ba ya faɗin adadi, kuma wani juyin ba ya gargaɗi sam, wanda zai yi wa saƙo shiru ya wajaba ya kafa nasa binciken. Ɗan kasuwa yakan ƙirga buhu a wurin lodi, ya sake ƙirgawa a wurin sauke kaya. Haka ake yi da fayil. A ƙirga layukan fayil kafin karatu, a ƙirga layukan jadawali bayan karatu, bambancin shi ne abin da aka tsallake. A ƙirga guraben da babu komai a ginshiƙi kafin juyi da bayansa, bambancin shi ne abin da juyin ya lalata. Sannan a fitar da jerin ainihin rubutun da ya ƙi juyuwa, kowanne da yawan fitowarsa. Wannan jeri yakan zama gajere, kuma kallo ɗaya ya isa a gane ko "babu" ne da aka sani, ko farashi ne mai waƙafi da ake shirin zubarwa.

Bayan an ga jerin, sai a rubuta sharaɗi a cikin shirin: idan aka sami wani rubutu da ba ya cikin waɗanda aka sani, ko yawan lalatattun ya wuce iyakar da aka amince da ita, shiri ya tsaya. Dalilin haka shi ne fayil ɗin wata mai zuwa ba lalle ya yi kama da na wannan watan ba. Ma'aikaci kan canza, fom kan canza, farashi kan haye dubu. A ƙara da bincike na hankali a kan abin da ya juyu: tsawon lambar waya 11 ne? Akwai shekarun da suka gaza sifili? Mafi girman adadi da mafi ƙanƙanta suna cikin abin da zai yiwu? A gefen layin da aka kashe gargaɗi a rubuta ɗan bayani mai faɗin wane gargaɗi ne, me ya jawo shi, da yaushe aka duba, domin wanda zai gaji shirin. Fayil na asali kuma a bar shi yadda ya zo, kada a gyara shi da hannu, kada a buɗe shi da Excel a sake adanawa a kansa. A rahoton ƙarshe a faɗi yawan layukan da aka cire da dalilin cire su, don mai karatu ya auna sakamakon da kansa.

 Yanzu fili na tambayoyi ne. Wanda kuma ya zo da saƙon gargaɗin da ya ci karo da shi a aikinsa, ya karanto shi a duba tare.